Tsibirin Tabarma Bayan Hajji

Sa'alaba, Jidda
Farkon Shawwal, 1392

Zuwa ga Kawu Ubale, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da barka da Sallah, ina fatan gwiwoyin sun yi sauƙi, an kuma sha ruwa lafiya. Matata Zakiya tana gaishe ka, haka ma Rafi'u ɗan Yaya Mastura, wanda yanzu shekara biyu ke nan yana hannuna saboda makaranta. Da ka gan shi ba za ka gane shi ba, ya kusa kamo ni a tsawo.

Kawu, shawara nake nema. Ka san ni ke kula da 'yan kashshafa na makarantarmu, wato samarin nan masu ɗaura ƙyalle a wuya da ake koya wa taimakon jama'a. Bana ma za mu je Mina aikin alhazai, mu riƙa mayar da waɗanda suka ɓata zuwa tantunansu. Aiki ne mai wuya, yaran kan dawo ƙafafu a kumbure, murya a dishe. Na yi musu alkawarin in an gama, kafin a koma aji, zan kai manyansu shida kamun kifi, mu kwana biyu a wani tsibiri. An haife su a bakin teku, amma yawancinsu ba su san shi ba sai ta bayan katangar tashar jiragen ruwa. Abin yana damuna.

Tun muna yara kake ba mu labarin Tabarma, tsibirin nan na kudu da tasha da kuke zuwa kai da abokanka. Na tambayi Hamad, mai ba da aron huri, ya ce bai san wani wuri mai wannan suna ba, tudun yashi a can suna da yawa. Na gane ku ne kuka raɗa masa sunan. Shi ya sa na ce ba wanda zai faɗa mini hanya sai kai.

Huri uku zai ba mu, ƙananan kwalekwalen nan na itace ɗaya. Ni na iya tuƙa su, kusan kowace Juma'a ina fita nan kusa da gaɓa, kuma abokin aikina Malam Abdulwahid zai zo tare da mu. Ka gaya mini daga ina ake shiga ruwa, da wane lokaci, da abin da za mu kiyaya. Kada ka rage mini komai don gudun tsorata ni.

Saura abu ɗaya. Na rubuta wa Yaya Mastura a Madina ina neman izininta a kan Rafi'u, ban ji amsa ba tukuna. Ka san halinta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
Ɗanka,
Abdulghani

Madina
Tsakiyar Shawwal

Abdulghani,

Ina gaishe ka da Zakiya da aiki. Mu nan lafiya lau, alhazai baƙi sun fara sauka a gidana, tukunya ba ta sauka daga kan wuta.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, na biyun don in tabbata ba wasa kake yi ba. Na ba ka yaro ka koya masa lissafi da Larabci, ban ba ka shi don ka sa shi cikin akushi ka tura teku ba. Na san hurin nan, ba labari aka ba ni ba. In mutum ya yi atishawa a ciki sai ya karkata.

Ka ce abin zai ƙara masa ƙarfin zuciya. Ustazu, zuciyarsa ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Tun rasuwar mahaifinsa shi kaɗai nake da shi namiji, kuma ka san da ƙyar na bari ya bar gabana. Kawunnansa na wajen uba har yanzu suna cewa in dawo da shi ya zauna a shagon dabino, ni ke tare musu, ina cewa yana hannun ƙanina, ƙanina kuwa mai hankali ne. Yanzu da wane baki zan ce musu mai hankalin ya kai shi tsakiyar ruwa ya kwana a kan yashi?

Shi ma ya rubuto mini, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda ya saba, yana cewa in duk abokansa suka tafi aka bar shi ba zai iya ɗaga ido a aji ba. Wannan ne ya hana ni barci, ba naka dogon bayanin ba.

To ga maganata. In Kawu Ubale ya ce da bakinsa wurin nan ba shi da hatsari, zan duba. Shi ya taka wurin da ƙafarsa, kai a labari ka ji shi. Kuma ka sani tun yanzu, in wani abu ya taɓa yaron nan, ko ƙwarzane ne, zan zo in ɗauke shi, karatun ya tsaya inda ya tsaya.

Ka gaishe da Zakiya. Ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare.

Yayarka,
Mastura

Bur Sudan
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga ɗana Abdulghani ɗan Jamilatu.

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa. Gwiwoyi suna nan yadda ka san su, ɗaki zuwa masallaci, masallaci zuwa ɗaki. Wasiƙarka ta mayar da ni saurayi, har maƙwabta suka ji ina dariya ni kaɗai.

Ka tuna mu ba masunta ba ne, 'yan dako ne a tasha. In alhazai suka watse aiki ya mutu, sai mu haɗu mu ari huri mu tafi, shekara huɗu ko biyar muna haka kafin in ƙetaro nan. Saboda haka ka zaɓi lokaci daidai. Bayan Hajji ne lokacin Tabarma. Ruwa ya kwanta, ya ja baya, yashi ya bushe fari tas.

Ku hau mota zuwa inda ake kwasar gishiri, kudu da tasha. Nan za ku sa huri. Ku tashi da rana ta ɗan ɗago, tana bayanku, ku nufi yamma sak. Kada ka taɓa tafiya rana tana cikin idonka, don da launi ake karanta ruwan nan. Shuɗi mai duhu zurfi ne, ka wuce. Kore yashi ne, ba komai. Inda ka ga ja-ja kamar ruwan shayi, murjani ne a ƙasa, yana yanka itace, yana yanka mutum, ka kewaye shi ko da zai ɓata maka lokaci. Ranar dawowa ku jira rana ta karkata, ta koma bayanku, amma kada ku kai la'asar, don iskar arewa takan taso.

Kafin rana ta take tsaka za ku hango wani baƙin dutse mai kama da turmi. Shi ne kan Tabarma. A jikinsa muke ɗaure huri. Tsibirin shimfiɗe yake, tsayinsa daga ruwa bai wuce gwiwa ba, ba itace, ba ciyawa, amma zai ɗauki mutum talatin su miƙe ƙafa. Kifi kuwa, ka jefa ƙugiya a gefen dutsen nan, kifin sha'ur zai gajiyar da kai.

Abin tsoro a wurin ɗaya ne, zafi. Ka ninka ruwan shan da kake jin zai isa, ka binne garewanin cikin yashi. Ka tafi da babban ƙyalle da sanduna na inuwa. Kada yaro ya cire takalmi, yashin yana sale tafin ƙafa. Wani abokinmu Ɗan'azumi rana ta taɓa buge shi a can, sai da muka kwantar da shi cikin ruwa zuwa wuya yana kiran sunan kakarsa.

Ka ce wa Mastura ni na ce ku je. Ta tuna wanda ya riƙa kawo mata busasshen kifi tana amarya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.
Kawunka,
Ubale

Sa'alaba, Jidda
Zulƙida

Zuwa ga Yaya Mastura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Sharifa da baƙinku, ga wasiƙar Kawu na haɗo miki ita kamar yadda ta zo, ki karanta da kanki. Zakiya ta ba Garba direba yajin.

Yaya, ban ji haushin maganarki ba, kin yi gaskiya. Bari in gaya miki abin da muka yi zuwa yanzu, don ki san ba da ka na tashi ba.

Kowace Alhamis da rana ina kai su wani wuri mara zurfi, ina sa su su kife hurin da gangan, su fito, su juya shi, su kwashe ruwan, su koma ciki. Ranar farko dariya ta fi aikin yawa. Yanzu ba wanda yake firgita in ya ji kansa cikin ruwa. Na samo robar cikin tayar mota, an hura, kowa zai ɗaura ɗaya a ƙugu da igiya tun daga gaɓa har mu sauka, wanda ya cire kuwa tafiyarsa ta ƙare. Rafi'u ya ce sun yi kama da gurasa, na ce gurasar da ke iyo ta fi jarumin da ke nutsewa. Iyonsa ba laifi, sai dai yana saurin gajiya, saboda haka a hurina zai zauna, a gabana, inda hannuna zai kai gare shi.

Na je wurin masu gadin gaɓar teku na karɓi izini, sun rubuta sunayenmu da ranar fita da ranar dawowa. Garba zai kai mu da motarsa. Mun ɗinka ƙyallen inuwa daga buhunan gari, garewanin ruwa sun fi yadda Kawu ya ce, akwai aidin da bandeji, da madubi don yin alama in ta kama. Na so in je in ga wurin da idona kafin ranar, amma Hamad ya ce huransa ba za su samu ba sai bayan Sallah, mu ma ga Mina a gabanmu.

Ina so ki ga fuskarsa in ana maganar tafiyar nan. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, shi ne yanzu yake koya wa sauran ɗaurin ƙugiya. Ban ce miki zuciyata a kwance take ɗari bisa ɗari ba, duk wanda ya ɗauki 'ya'yan mutane ba ya rabuwa da fargaba. Amma abin da ɗan Adam zai iya yi, na yi. Ki ba shi izini, Yaya.

Ƙaninki mai biyayya,
Abdulghani

Madina
Ƙarshen Zulƙida

Abdulghani,

Gaisuwa. Yajin ya iso.

Na ce in Kawu ya faɗa zan duba, ya faɗa, ba zan mayar da maganata ba. Ya je. Allah ya tsare. Ga rigar sanyi nan na ba Garba, ka tilasta masa ya sa, don na san zai ce nauyi.

A kan rigar nan ne wani abu ya tsaya mini. Ina naɗe ta, kaskon wuta yana gabana, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa don sanyi, sai na sake ɗauko wasiƙar Kawu. Daga farko har ƙarshe zafi yake ta faɗa. Inuwa, yashi mai ƙuna, mutum ya suma. Na tuna kifin da yake magana, gaskiya ne ya kawo mini, shekarar da aka yi bikina. Hajjin shekarar nan kuwa ba mai manta shi, mutane suna faɗuwa a Arfa kamar an sare su, muna jiƙa zane muna rufa wa tsofaffi. Bana kuma alhazai bargo suke tambayata.

To wane bayan Hajjin Kawu yake nufi, nasa ko namu? Shekara goma sha bakwai ke nan, watan ya zagayo daga tsakiyar zafi ya faɗo tsakiyar sanyi. Ni ban san teku ba. Ban sani ba ko ruwa ya damu da sanyi da zafi. Amma in mutum ya kwatanta maka gida da rani, ka je da damina, ai ka tambaya ko hanyar tana nan.

Na rubuta wa Kawun ma na tambaye shi, na ba wani ma'aikacin jirgi da zai koma can. Kai ma ka bincika. Kada ka ce mini tsoron mata ne.

Mastura

Jidda
Daren tafiya Mina saura kwana ɗaya

Yaya,

Assalamu alaikum. A tsaye nake rubutun nan, motocin kashshafa za su tashi da safe.

Ba zan ce tsoron mata ba ne, kin lura da abin da ni ban lura da shi ba. Na ƙara barguna, na rage ƙyallen inuwa. Game da ruwan kuwa, na kafa sanda a bakin gaɓa na yini ina dubawa. Yana cika yana janyewa, amma tsakanin cikarsa da janyewarsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Tekunmu ba kamar na wasu ƙasashe ba ne, kuma ba kogi ba ne balle damina ta kumbura shi. Tsibirin da ya kai gwiwa ba zai ji taƙi ɗaya ba. Na nemi Hamad in ƙara tambayarsa, an ce ya tafi Makka da kifi.

Duk da haka tambayarki ta ƙi barina. Na roƙi Garba kada ya ajiye mu ya juyo kamar yadda muka shirya da farko. Zai zauna a wurin gishirin da motar har mu dawo. Ya yi ta mita, ya ce shi da sauro za a bari, amma ya yarda.

Za mu shiga ruwa ranar Asabar ta bayan Sallah in Allah ya so. Ki sa mu a addu'a. Rafi'u ya gwada rigar, ta yi masa.

Abdulghani

Bur Sudan
Farkon Zulhajji

Mastura 'yata,

Salamu alaikum. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Ki hana su.

An karanta mini wasiƙarki. Ni Hajji a kaina zafi ne, haka na bar shi, haka na amsa wa yaron, ina zaune a ɗaki ban lissafa shekaru ba. Ban taɓa taka Tabarma da sanyi ba ko sau ɗaya. Amma na san tasha da sanyi. Matakalar da muke tsayawa muna karɓar kaya da rani, in sanyi ya shigo ruwa kan haɗiye ta, ya zauna a haka wata da watanni. Ba cikar safe da yamma ba ce, tekun ne gaba ɗaya yake tashi. In kuma azyab ta taso, iskar kudu, sai ta ƙara turo shi. Wurin da bai wuce gwiwa ba, ban ga yadda zai rage a waje ba. Ko sun tarar da ɗan busasshen yashi da rana, kada su yarda su kwana a kai.

Jiragen da suka rage duk na alhazai ne. Na ba wani maƙwabcina Mahmud wannan, ya ce daga tasha Makka za a wuce da su kai tsaye, sai an sauko daga Arfa zai zo Madina ziyara. Na roƙe shi ya bi motar farko. Ban sami mai tsayawa a Jidda ba.

Allah ya sa ta riga su.
Ubale

Madina
Asabar, da hantsi

Abdulghani, ko Zakiya in ke kika buɗe.

Yanzun nan mutumin Kawu ya miƙo mini wannan, ga ta a ciki. Na tare wata mota mai zuwa Jidda, direban ya rantse zai kawo har ƙofar gida. Na san yau ce ranar. In Allah ya sa wani abu ya tsayar da ku, kada ku shiga. Zakiya, in sun tafi, kada ki tsaya neman mayafi mai kyau, ki ɗauki wasiƙar Kawu ki kai wa masu gadin teku, ki ce yara shida ne, ki ce kudu da wurin gishiri, ki ce baƙin dutse. Kada ki bar wurin sai kin ga sun tashi.

Ina da baƙi goma sha a wuyana, ina neman wadda za ta riƙe mini tukunya. Ina bayan wasiƙar nan.

Mastura

Sa'alaba, Jidda
Ƙarshen Zulhajji

Zuwa ga Kawu Ubale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, kafin komai, dukkanmu muna raye, mu takwas. Ka sha ruwa, ka zauna, sannan a ci gaba da karanta maka.

Wasiƙarka ba ta riga mu ba. Mun shiga ruwa ranar Asabar da safe, rana a bayanmu, muka bi launi kamar yadda ka koya mana, kuma duk abin da ka faɗa game da hanya haka muka same shi. Yaran suna ta waƙa. Kafin azahar Malam Abdulwahid ya hango dutsen. Sai dai ba turmi muka gani ba, bakin turmi ne kawai, tsuntsaye biyu a tsaye a kai. Kewaye da shi ruwa ne kore, ko'ina. Na sauka da kaina, ruwan ya kama ni a ƙwauri, ina jin yashin a ƙarƙashin takalmina, shimfiɗe kamar yadda ka ce. Wani yaro ya ce ga alama masu tabarmar sun naɗe abarsu, aka yi dariya, ni ban iya ba.

Yaran suka ce mu ɗaure a dutsen mu jira ruwa ya janye, mu yi kamun kifi kafin nan. Har Malam Abdulwahid ya ce a ɗan jira. Na tuna sandar da na kafa a gaɓa, na san in ya janye taƙi ɗaya zai janye, ba zai ba mu wurin kwana ba. Sannan na ji iska a kuncina na hagu ina fuskantar yamma, ga gajimare yana tasowa ta can. Na ce a juya yanzu. Rafi'u ya riga ya jefa ƙugiya, har ya ciro sha'ur ɗaya. Ya dube ni, ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, "Khali, ko na minti goma." Na ce masa halas, an gama, naɗe igiyarka. Ya naɗe.

Rabin hanya gajimaren ya rufe rana, ruwan ya koma launi ɗaya, toka-toka, ba shuɗi ba ja. Na sa muka jera, ni a gaba, ina duba ƙasa da filafili. Sai hurin baya, wanda manyan yara biyu suke ciki da wasu kaya, igiyar ruwa ta ƙwace musu filafili ɗaya, suka fara juyawa. Na karkata in je gare su, a nan na ba igiyar ruwa gefe. Ta ɗaga mu ta aza a kan murjani, muka kife.

Atisayen Alhamis ya yi rana. Ba wanda ya yi ihu. Robar ta riƙe Rafi'u da ɗayan yaron da ke hurina, muka juya hurin, muka kwashe ruwa da gwangwani. Tanti da barguna da rabin garewani suka tafi. Sai da muka koma ciki na ga ruwan da ke ƙasan hurin ya yi ja. Murjani ya tsaga wa Rafi'u ƙafa daga ƙasan gwiwa zuwa kusa da idon sawu, shi kuwa bai faɗa ba, yana ta kwasar ruwa. Na ɗaure da ƙyallen wuyana. Ya ce kada in gaya wa Ummansa, na ce wannan ba irin abin da ake ɓoyewa ba ne.

Iskar ta tura mu arewa da inda muka shiga, ba mu gane gaɓar ba. Garba ne ya hau kan motarsa yana kaɗa rawani, da shi muka daidaita. Da na bar shi ya koma gari kamar yadda na tsara da fari, da yaron nan ya kwana a bakin gishiri da wannan rauni. Kafin magariba muna asibiti, aka wanke aka ɗinke. A lokacin Zakiya tana wurin masu gadi da wasiƙarka, har sun fitar da jirgi, sai da na je na ba su haƙuri.

Kada ka ɗora wa kanka, Kawu. Kai ka faɗi abin da ka gani. Ni ne nake da kalandar wata da ta rana rataye a bango ɗaya a ajina, kuma an yi mini tambayar a kan lokaci, na auna abin da ba shi aka tambaye ni ba.

Yaya ta iso washegari. Ta duba ƙafar, ta yi wa Zakiya godiya, ta yi wa Garba godiya, ta haɗa kayan Rafi'u har da littattafansa. Ni ba ta ce mini komai ba, ko faɗa. Sun tafi Madina. An koma aji, kujerarsa tana nan ba kowa, yaran suna tambayata. Na rubuta mata sau biyu. In kana ganin za ta ji maganarka, ka sa baki. In kuma kana ganin ta yi daidai, ka faɗa mini, zan ɗauka.

Ɗanka,
Abdulghani

Madina
Muharram, 1393

Abdulghani,

Ina gaishe ka da Zakiya. Wasiƙunka sun zo.

An cire zaren, yana takawa. Kawunnansa sun zo sun ga ƙafar, sun faɗi abin da suka zo faɗa, na ba su shayi. Na sa shi a shagon dabino kwana uku, mai shagon ya dawo mini da shi, ya ce ya cika wa masu saye kunne da launin ruwa.

Zai biyo Garba ranar Juma'a. Ka nema masa abin da aka yi a aji ba ya nan.

Ya ce kun yi maganar komawa in zafi ya shigo. Ban ce e ba. In har na ce, ka gaya wa Garba ya bar mini wuri a gaban mota. Ba zan shiga akushin nan ba, amma a bakin gishirin zan zauna. Ba zan sake jira daga Madina ba.

Yayarka,
Mastura